Amsa ga Alhaji kan musayar tarakta Massey 165 da Fiat 640

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka. Ka ce wani mutum ta wajen Soba yana so ku yi musaya, ka ba shi Massey 165 ɗinka ya ba ka Fiat 640, ka yi masa ciko a kai, kuma abin da ya ja ra'ayinka shi ne ka ga tasa tana ɗaga haro, wato faifan fasa ƙasa da ake ɗaura wa tarakta a baya, da sauri fiye da taka. To bari in faɗi nawa, sauran makanikai su ƙara.

Saurin nan da ka gani ba shaidar lafiya ba ne, ƙirarsu ce daban. Ita Massey, famfon haidurolik ɗinta yana can ciki, ƙarƙashin kujerar direba, a nutse cikin man giya. Ƙananan fistin huɗu gare shi, kuma sandar fitiyo (PTO), wadda ke fitowa ta bayan tarakta tana juya kayan aiki, ce ke juya shi. Shi ya sa in direbanka ya take kuloci har ƙasa sai ka ga hannuwan baya masu ɗaga haro sun tsaya cak. Ita kuwa Fiat, famfonta na haƙora ne, yana maƙale a jikin inji daga waje, muddin inji na juyawa yana turo mai, ka taka kuloci ko kada ka taka. Ko da su biyun sababbi ne dal, a ƙarshen kunya wajen juyawa za ka ga Fiat ta fi zafin nama. Wannan gaskiyarta ce, ban hana ta ba.

Amma fa ka tuna shekarunsu. An daina ƙera 165 tun 1975, ita 640 kuma a 1973 aka fara fitar da ita. Dukansu tsofaffi ne, hannu nawa suka bi Allah kaɗai ya sani. Saboda haka kada a gwada su a tsakar gida da sanyin safiya.

A kai su gona rana ɗaya, a ɗaura wa kowace haro ɗaya, naka ɗin nan da ka san nauyinsa, ba nasa ba. A bar ta ta yi aiki kamar awa guda har murfin bayan nan ya yi zafin da ba ka iya barin tafin hannunka a kai. Dalili, akwai masu ɗura mai mai kauri, lamba 140, don su rufe asirin famfon da ya gaji. Da sanyi sai ta ɗaga garma kamar ba komai, mai na yin zafi ya tsinke, shi ke nan ƙarfi ya tafi. Ba na ce mutumin nan ya yi haka ba, ban san shi ba, amma ciniki ciniki ne.

In ta yi zafi, a ɗaga haro sama a bar inji a silo, ka tsaya daga gefe ka zuba ido. Idan ka ga hannuwan suna ɗan sauka sai su zabura su koma, su sauka su zabura, kamar mai shaƙuwa, to mai yana zurarewa a ciki, famfo ne yake ta cikowa. Daga nan a kashe inji gaba ɗaya. Ka kafa kara kusa da faifan haro, ka yi alama da farce, ka duba bayan minti goma. Ɗan sauka kaɗan a tsohuwar tarakta ba abin damuwa ba ne. Amma in kafin ku gama gaisawa faifai sun taɓa ƙasa, zoben silinda ko bawul ya tafi. Don Allah a hana yara shiga ƙarƙashi lokacin nan, liba ɗaya wani zai taɓa.

Sai mai. Ka zare ma'auni ka murza a yatsa. In ya yi fari-fari ruwa ya shiga. A Massey yawanci ta robar sandar giya yake bi in ta yage, motar kuma tana kwana a waje da damina. In kumfa ka gani a na Fiat, iska take ja ta bututun tsotso. In kuwa ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a yatsanka, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

Akwai kuma abin da yawancin direbobinmu ba su damu da shi ba, wato libar diraf. Ita ce asalin fasahar Harry Ferguson, wanda sunansa ke cikin Massey Ferguson: in garma ta ci karo da ƙasa mai tauri, sandar sama da ta haɗa garma da tarakta tana danna wani sifirin, sai hannuwa su ɗan ɗago da kansu don kada taya ta yi ta juyawa a banza. Na sha ganin taraktar da sifirin ɗin ya ci tsatsa ya daskare, wata ma an bi an yi mata walda. A jigawa mai laushi ba za ka lura ba. Amma kai da kake huɗa a fadamar Galma, lakar nan in ta fara bushewa, a nan za ka ji a gas da taya. Ka kama sandar saman ka jijjiga, in tana lilo da yawa akwai aiki.

Wajen gyara kuma kowace da nata. Famfon Fiat sauƙin cirewa gare shi, 'yan kusoshi ne, sai dai in jikinsa ya karce ba gyara, sabo za ka saya. Na Massey sai an ɗage murfin sama an zare sandar fitiyo, aikin yini ne, amma ana sake masa kayan ciki ya dawo daidai, kuma kayan Massey ba sa wuyar samu, in babu a Sabon Gari ana samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Ni dai a ganina, Alhaji, kada ka ba da ciko saboda sauri kawai. Ka ce taka ta yi nauyin ɗagawa tun bara. Sau da yawa ragar tace mai ce ta toshe da dauɗa, ko bawul ɗin famfo ya fara kamewa. A juye tsohon man, a wanke, a sa wanda ya dace, a canza robar sandar giya, sannan a gwada su biyun kafaɗa da kafaɗa. In har bayan haka Fiat ɗin ta riƙe haro da zafi, dirafinta na aiki, to a zauna maganar kuɗi.

Ka sa direbanka ya ɗauko mana bidiyon taka tana ɗaga haro bayan ta yi aiki, ya matso da wayar kusa da murfin baya don in ji ƙarar famfon. In ranar Asabar za ku je Soba, ku biyo ta Kwangila ku ɗauke ni, zan zo da gejin auna ƙarfin mai. Allah ya sa albarka, a gaida mutan gida.