Amsa ga Auta: mutumin da ke latsa waya a wajen zance

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da murya, ina kan girki ne. Auta, na saurari saƙonki tun safe. Kin ce mutumin naki in ya zo zance, daga gaisuwa sai ya zaro waya, kina magana yana "uhm, uhm" idonsa na kan gilashi, har kin fara zargin akwai wata. Na ga wasu sun ce ki sallame shi kawai. Kai jama'a, ku dakata mana, an fa kai kuɗin gaisuwa.

Ni na ga farkon abin nan. A 2001 wayar hannu ta shigo Najeriya, lokacin layi ma sai mai hali. Da muka fara nema da Abban yaran nan, zamanin kiran dare kyauta ne na MTN, daga sha biyu da rabi zuwa huɗu da rabi. In shige bargo ina raɗa kada Hajiya ta ji. Daga baya manhajar hira ta 2go ta zo. Amma wayar lokacin, in ka ɗauke ta, mutum ɗaya kake nema. Ta yanzu kuwa kasuwa na ciki, ƙwallo na ciki, siyasa na ciki, guruf ashirin na ciki. To ke kaɗai kike takara da duk wannan taron a kan tabarmar zaure.

Shi ya sa ban yi saurin cewa akwai wata ba. Ki lura da babban yatsansa. In sama yake ta turawa ba tsayawa, kallo yake, TikTok ne ko Facebook. Abin nan da gangan aka gina shi ba ƙarshe: bidiyo na ƙarewa wani ya hau, kuma ba ka san wanda zai zo ba, ko na dariya ko na banza, wannan rashin sanin ne ke riƙe mutum kamar caca. In kuma rubutu yake yana murmushi, yana kifa wayar in kin matso, to wannan wata magana ce, ki kira ni mu yi ta a gefe.

Sai kuma ke, ƙanwata, kada ki ji haushina. Jiya ƙarfe biyu saura na tashi ba jaririya nono, na gan ki onlayin. Na san da shi kike hira. Kin gaya masa abin da kika ci, wanda ya ɓata miki rai a makaranta, har ɗinkin da tela ya lalata kin tura masa hoto. To in ya zo bayan isha'i me ya rage? Kun cinye hirar tun a waya. Sai a yi shiru, shiru kuma nauyi gare shi, sai hannu ya tafi aljihu. Ga kuma alamar nan shuɗiya da WhatsApp ya kawo a 2014, "ka karanta ba ka amsa ba", wallahi faɗan da ta haddasa Allah kaɗai ya san adadinsa. Ana kashe ta a saitin, ni tuni na kashe tawa.

Abin da za ki yi, kada ki tayar da maganar yana tsaka da latsawa, zai ce raini ne. Ran da zai zo, ki rage hira da rana, ki ajiye labari biyu masu daɗi. Ki bar taki wayar a ɗaki a caji, ki fito da ruwa da lemo, ki ce masa cikin wasa, "Malam, yau na bar kishiyarka a ciki, kai ma ba ni tawa in ajiye." Awa ɗaya ce fa, tara na yi Baba zai yi gyaran murya. In ya yi dariya ya miƙo, alhamdulillahi. In ya haɗe rai sau ɗaya, ki ƙyale. In ya kai sau uku, ki faɗa mini kafin a sa rana.

Wayyo, miyata ta kama. Ummi, rage wutar nan! Sai anjima.