Kada Ka Taɓa Ƙarafunan Wuyan Jitar Nan

Ka ce kana son jitar bas ɗinka ta ja gaba a jaz da fonk, kana tambaya ko ka zare ƙarafunan wuyanta, wato ƙananan ƙarafunan da aka gitta a allon wuya don raba sautuka, yadda shahararren makaɗin bas Jaco Pastorius ya yi. Kul, yaro! Wannan tunanin ne ya kashe wata jita mai kyau a hannun wani sa'anka, kuma har gobe takaicinta bai sake ni ba.

Rabin labari sa'an naka ya ji. Gaskiya ne Jaco ya zare ƙarafunan jitarsa Fender Jazz ƙirar 1962, amma ya cike ramukan, ya bi allon wuyan da epoxy, wani gam mai ƙarfi irin wanda ake shafa wa jirgin ruwa, shafi kan shafi, har ya yi tauri. Shi kuwa wancan filaya ya sa ya fizge su ba tare da ya ɗumama ko ɗaya ba, katako ya tsattsage a bakin kowane rami. Bai shafa komai ba ya ci gaba da kiɗa da tsirkiyoyi masu kaushi, suka yi ta cin katakon har suka haƙa masa layuka. Da sauti ya fara ziza, sai ya kama sandar ƙarfen da ke cikin wuya mai daidaita lanƙwasarsa ya murɗa ta zagaye biyu cur, alhali rubu'in zagaye ake yi a bar ta ta kwana. Sanda ta karye, wuya ya tashi aiki. Haka kuke ku yaran yanzu, bidiyo ɗaya a YouTube sai ku ɗauko filaya.

Fitowa gaba a hannu take. Ka kunna maganaɗisun ɗaukar sauti da ke kusa da jaki, wato inda tsirkiyoyi suka hau a jikin jita, ka taɓa tsirkiya a nan da yatsu biyu. A amfilifaya ka ɗaga tsakiyar sauti wajen 700 zuwa 800 Hz (ma'aunin kaifin sauti), ka bar na ƙasa inda yake. Tsirkiyar E, mai kaurin nan, tana kan 41 Hz, in ka ƙara mata nauyi gurnani kawai za a ji, lasifika kuma tana iya ƙonewa. Karin waƙa a tsirkiyar D da G ake yin sa, daga ƙarfen wuya na 12 zuwa sama. In ka hau can, ka sa mai fiyano ya riƙe ƙasa da hannun hagu, in ba haka ba kiɗan ya zama fanko.

Fonk kuwa, makaɗin bas Larry Graham ya fara dukan tsirkiya da babban yatsa ne saboda ba su da mai ganga lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa: babban yatsa a madadin babbar ganga, manuniya tana fizgar tsirkiya a madadin ƙarama. Makaɗin bas Bootsy Collins ma da ya shiga ƙungiyar mawaƙi James Brown a 1970, bugun farko na kowane zagayen kiɗa aka fara ɗora shi a kai. Jiya na ji ka, kana ta gudu da yatsu, bugun farko yana kuɓuce maka. Je ka gyara wannan tukuna.