Lambar gida: ko taswirar waya kaɗai ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifiyata tana fama da ciwon zuciya, kuma tare muke zaune. Lambar gidanmu 'yar ƙarama ce ta tagulla, a manne jikin ƙofar shiga. Wani ya ce min tunda masu motar asibiti da taswirar waya suke aiki yanzu, kada in wahalar da kaina. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya ban yarda da wannan shawara ba. Taswira takan kawo direba layinku ne, wani lokacin ma ta tsayar da shi ƙofar maƙwabta ko ta bayan gida. Daga nan kuma sai aikin ido: dare ne, yana tafe a hankali yana leƙe ta taga, ga gidaje a jere duk kama ɗaya. Idan ya wuce, sai ya nemi wurin juyawa. Ga mai ciwon zuciya wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin idan zuciya ta tsaya, duk minti ɗayan da ya wuce ba a kawo ɗauki ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, ƙwaƙwalwa kuma takan fara samun illa bayan minti 4 zuwa 6.

Lambarku tana da matsala biyu. Tagulla ado ce kawai. Da ta dushe, musamman a kan ƙofa mai duhun launi, ko da rana sai an matso ake karanta ta. Sannan ƙofa abar buɗewa ce. Ranar da hankali ya tashi, a wangale za ki bar ta, lambar ta juya ciki. Ki mayar da ita jikin bango a gefen ƙofa, ko kan ginshiƙin get, daidai inda hasken fitilar waje ke sauka.

Batun girma kuwa, kundin dokokin kariya daga gobara mai suna International Fire Code, wanda yawancin jihohin Amurka ke aiki da shi, ya ce kada tsayin lamba ya gaza inci 4, wato kusan santimita 10, kaurin zanenta rabin inci, launinta kuma ya bambanta da na bango. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Ni da za a bi tawa, gidan da ya ɗan ja baya daga titi inci 6 ya kamace shi. Baƙi kan fari ko fari kan baƙi, a miƙe ba lanƙwashe-lanƙwashe, don kada 1 ta koma 7 ko 3 ta koma 8. In kin samu irin mai ƙyallin nan ta allunan hanya, wadda ke haskawa idan fitilar mota ta doke ta, ta fi.

Idan akwai tazara tsakanin gida da titi, a kafa allo a bakin hanya, lamba ta ɓangarorinsa biyu, tunda ba ki san ta inda motar za ta ɓullo ba. Rassan itace da motar da aka saba ajiyewa a gaban lamba ma a kula da su.

Bayan an gyara, ki fita da dare, ki tsallaka titi ki duba, ko ki sa wanda bai san gidan ba ya nemo shi a mota. Ranar da kika kira motar asibiti ko 'yan kwana-kwana kuma, ki kunna fitilun waje duka, ki buɗe get, a ɗaure kare in akwai, wani ya tsaya bakin titi da tocila yana yi musu alama.