Tambayi Likitan Dabbobi: Tsutsa a Cikin Kwikwiyo, Gwaji Bai Nuna Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Karyar da ke yi mana gadi ta haifi kwiyakwiyi biyar. Cikinsu ya kumbura, aka gwada kashinsu ba a ga komai ba, bayan 'yan kwanaki sai ɗaya daga cikinsu ya yi aman tsutsa fara mai tsawo. Ɗana da ke karatu a Zariya ya ce akwai wani abu a jini, maikro-RNA, da ke tona asirin tsutsa. Gaskiya ne? Daga wani makaranci a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaron naka bai faɗi ƙarya ba.

Maikro-RNA wani ɗan guntun saƙo ne a cikin ƙwayar halitta, tsawonsa haruffa kamar 22. Aikinsa rage wa wasu saƙonni murya, ya hana a ƙera wani furotin. Abin da ke burge ni shi ne, a jikin tsutsa aka fara gano shi, wata 'yar mitsitsiyar tsutsar ƙasa, a 1993. A kan wannan ne Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka suka sami kyautar Nobel a 2024.

Tsutsar ciki ma tana da nata. Takan ƙunshe shi a wasu 'yan jakunkuna ta saki a jikin dabba, kuma a ɓeraye an ga yana sanyaya garkuwar jiki don tsutsar ta zauna lafiya. A karnukan da ke ɗauke da tsutsar zuciya, wadda sauro ke yaɗawa, an tsinci irin wannan saƙo nata a jini. Sai dai har yanzu abin yana hannun masu bincike, bai zama gwajin da za ka je asibiti ka biya a yi ba.

Kwiyakwiyinka kuwa, alamu sun nuna wata tsutsar ciki ta karnuka ce, mai suna Toxocara canis. Tun suna ciki suke ɗaukarta daga uwa ta mahaifa. Gwajin kashi ƙwai yake nema, tsutsar da ba ta girma ba kuwa ba ta yin ƙwai, shi ya sa ba a ga komai ba.

Kada ka jira gwaji. Ana fara ba su maganin tsutsa suna da mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har su kai mako 8, tare da uwar. Likita ya auna nauyinsu kafin ya rubuta.

Don Allah Malam, a riƙa kwashe kashinsu kullum. Ƙwan yana daɗewa a ƙasa, yaro mai wasa a tsakar gida ya sa hannu a baki, tsutsar tana iya kaiwa hanta ko ido.