Me ya sa sinadarina ya narke kafin ya kai zafin da littafi ya faɗa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar haɗa sinadarai a Legas, ina zaune a Agege. A ɗakin gwaji mun tace asid ɗin benzoyik da ruwan zafi, sannan muka auna zafin narkewarsa. Littafi ya ce digiri 122 ne a ma'aunin Salshiyas, amma nawa ya fara narkewa a 116, bai gama ba sai a 120. Shin zafin garin Legas ne ya jawo haka?

Amsa: Ƙanwata, zafin gari ba shi da laifi a nan, domin ko a ranar da rana ta fi ƙuna a Legas iska ba ta kusantar digiri 116, kuma na'urar tana auna zafin da ke kewaye da bututun gilashin da ake sa sinadarin a ciki ne, ba na ɗaki ba. Tudu da kwari ma ba su da wani tasirin a zo a gani: ruwa yakan tafasa da wuri a Jos fiye da bakin teku, amma zafin narkewar daskararren abu kusan ɗaya ne a wuraren biyu. Idan akwai abin zargi a yanayin Legas, to laima ce, musamman da damina.

Abin da ya fi jan hankalina a sakamakonki shi ne tazarar digiri 4 tsakanin farawa da gamawa. Sinadari mai tsabta yakan narke cikin tazarar digiri 1 zuwa 2 kawai, saboda ƙwayoyinsa a jere suke cikin tsari guda, kamar tubalin ginin da aka ɗora daidai, sai zafi ya kai wani mataki kafin su saki juna. Da zarar baƙon abu ya shiga tsakaninsu, tsarin ya raunana, narkewa ta fara da wuri kuma ta ja lokaci. Irin haka ake gani idan aka barbaɗa gishiri a kan ƙanƙara. A gwajinki, baƙon da na fi zargi shi ne ruwan da kika yi tacewar da shi, domin garin sinadarin yana iya yin kama da busasshe a ido alhali da sauran danshi a cikinsa. Ki matse shi tsakanin takardun tacewa, ki kwanar da shi a cikin tukunyar gilashin busarwa mai silika jel, wato ƙwayoyin da ke tsotse danshi, kuma ki duba launin jel ɗin, don irin mai launin shuɗi idan ya koma ruwan hoda ya ƙoshi da ruwa, ba ya busar da komai. Kada ki yi gaggawar sa shi a tanda mai zafi, domin wannan asid yakan soma tashi ya bi iska tun wajen digiri 100.

Sai kuma yadda ake cika bututun. Ki niƙa garin ya yi laushi, ki dangwalo kaɗan da bakin siririn bututun gilashin, ki bubbuga shi a hankali har ya taru a gindi, tsayinsa kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Idan ya yi yawa, gefe zai narke tsakiya tana nan daskare. Za ki iya ɗaga zafi da sauri har zuwa kusan digiri 105, daga nan ki rage shi ya riƙa hawa digiri 1 ko 2 a minti guda. Na san ɗalibai sukan ƙosa a nan, musamman idan layi ya yi tsawo ko ana fargabar ɗauke wuta, amma gaggawa tana faɗaɗa tazara. Ki rubuta lamba ta farko lokacin da kika ga ɗigon ruwa na farko, ba lokacin da garin ya ɗan motsa ko ya tsuke ba, ta biyu kuma lokacin da ƙwaya ta ƙarshe ta ɓace. Bututun da ya riga ya narke ba a maimaita gwaji da shi.

Ma'aunin zafin ma yana iya yin kuskure, don haka ki gwada shi da sinadarin da aka tabbatar da tsabtarsa, kamar asetanilid mai narkewa a digiri 114.

Ko da kin samu 122 daidai, wannan bai isa hujja cewa asid ɗin benzoyik ne ba, domin sinadarai mabambanta kan yi tarayya a lamba guda. Yuriya da asid ɗin sinamik duka suna narkewa a wajen digiri 133, amma idan aka cakuɗa su zafin narkewar yakan faɗi ƙasa sosai. Saboda haka ki niƙa naki tare da ingantaccen asid ɗin benzoyik, rabi da rabi, ki sake aunawa. Idan cakuɗin ya narke a 121 zuwa 122, abu ɗaya ne. A rahotonki kuwa ki rubuta 116 zuwa 120 yadda kika gani, ki sa sabon sakamakon bayan busarwa a ƙarƙashinsa.