Amsar kawu kan jana'izar Hoja Erbakan

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da karatu ke tafiya. Ka ce ka halarci jana'izar wani maƙwabcinku a Istanbul, ka ji liman ya juyo ya tambayi jama'a ko sun yafe wa mamacin haƙƙinsu, aka amsa masa baki ɗaya. Daga nan abokanka suka ba ka labarin jana'izar Necmettin Erbakan, tsohon firaministan Turkiyya, yadda almajiransa da suka rabu da shi suka zo suka ɗauki makararsa, shi ne kake tambaya ko wannan ba munafunci ba ne. Ba munafunci ba ne, amma sai ka san mutumin kafin ka gane dalilina.

Turkawa na kiransa Hoja, wato Malam, kuma ba a banza ba. Injiniya ne, ya yi digirin digirgir a Aachen ta Jamus, ya koyar a jami'ar fasaha ta Istanbul kafin ya shiga majalisa daga Konya a 1969. Ya kafa jam'iyya aka rushe, ya sake kafa wata sojoji suka rufe ta a juyin mulkin 1980, bai karaya ba. Sai a zaɓen Disamba 1995 jam'iyyarsa ta Refah ta zo ta ɗaya, ya zama firaminista a Yuni 1996 cikin haɗin gwiwa da jam'iyyar tsohuwar firaminista Tansu Çiller. Shekara ɗaya tak ya yi. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 manyan sojoji suka gindaya masa sharuɗɗa a majalisar tsaron ƙasa, ciki har da taƙaita makarantun addini, suka matsa har ya ajiye aiki a watan Yuni. A 1998 kotu ta haramta Refah, ta hana shi siyasa shekara biyar.

Mu nan ma mun san shi. Ya zo Najeriya a 1996 zamanin Abacha, kuma shi ya assasa ƙungiyar D-8 ta ƙasashe takwas masu tasowa, da Najeriya a ciki, kwanaki kaɗan kafin saukarsa.

To, cikin samarin da suka tashi a hannunsa akwai Recep Tayyip Erdogan, wanda ya ci kujerar magajin garin Istanbul a 1994 a tutar Refah, da kuma Abdullah Gül. A 2001 suka ɓalle suka kafa tasu jam'iyyar, domin suna ganin hanyar Malam ba za ta ɓulle ba. Ya ji zafin abin ƙwarai, kuma bai daina sukar su ba har tsufansa. Da ya rasu ranar 27 ga Fabrairu 2011, Gül ne shugaban ƙasa, Erdogan ne firaminista. Suka zo masallacin Fatih, suka sa kafaɗa a makarar kamar kowa.

Ka duba al'adarmu. Almajiri kan bar tsangaya ya buɗe tasa, wani lokaci ma da ɓacin rai. Amma ranar da aka ce Malam ya cika, in bai zo ba, shi gari zai zaga, domin harafin farko da ya iya daga bakin mutumin nan ya ji shi. Saɓanin siyasa bai goge wannan bashin. Tambayar da limaminku ya yi kuwa ita ce tamu ta "jama'a a yafe masa, mai bin sa bashi ya yi magana". An ajiye ta ne musamman don waɗanda aka yi tsamin dangantaka da su. Wanda ba a taɓa ɓata wa ba, me zai yafe? Abin da ke cikin zukatansu Allah ya bar wa kansa sani, ni da kai zahiri muke gani, kuma a zahiri sun sauke abin da ke wuyansu.

Kabarinsa na maƙabartar Merkezefendi, nan cikin Istanbul. In ka sami sarari wata Juma'a ka leƙa ka yi masa addu'a. Kuma ka kira malaminka na allo ka gaishe shi, ya tambaye ni kai da Sallah. Innarka na gaida ka.