Tambaya da Amsa: Katun ɗaya a kowace rana

Tambaya: Malam, ni da abokaina mun yi alkawarin kowa zai riƙa fitar da gajeren katun kullum har kwana 30. A waya nake zane da manhajar FlipaClip. Yau kwana 9, na gaji tiɓis, kuma aikin ba ya fita yadda nake so. In haƙura ne?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Ƙanena, kada ka haƙura, tsawon fim ɗin za ka rage. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma masu katun da yawa sukan bar kowane zane ya fito sau biyu, sai ya zama zane 12. Ka ga daƙiƙa 10 zane 120 ke nan. Wa zai iya wannan kullum? Da na yi irin wannan gasar, daƙiƙa 3 na yanke wa kaina, wato zane 36, ba fenti.

Wanda ya fi zama a raina shi ne na akuya tana tuƙa. Sai da na tsuguna a gindin turke kusan rabin awa kafin na lura cewa muƙamuƙinta gefe yake juyawa, ba sama da ƙasa kawai ba. Zane 6 na yi, na sa suna maimaituwa, har yau ina son sa.

Ka fara zana farkon motsi da ƙarshensa, sannan ka cike tsakiya. Ka kunna inuwar zanen baya a manhajar, wato abin da ke nuna zanen da ya gabata dishi-dishi, don ka ga inda hannu ko ƙafa ta tsaya. Sauti kuwa, bar shi sai ranar da ka samu sarari.